Haƙoran Almakashi a Jikin Waya

"Baba, don girman Allah cire mana ƙararrawar nan mu huta."

"In cire? Tela, in aka ce ki ɗinka riga babu wuya, ta ina mai ita zai fitar da kai? Miƙo min filayar can."

Ta miƙa masa tana haɗe rai. Safiyar Asabar ce, saura kaɗan ƙarfe goma, lokacin da Baba Waya ke gwada aikinsa kowane mako. Yana tsaye kan tsani a bakin ƙofarta, gilashinsa ya zamo har kan hanci, tocila maƙale a aljihun gaba.

Gidan bene ne mai hawa huɗu, kuma wanda ya gina shi kamar ya manta mutane da ido suke tafiya, don matakalar ba ta da taga ko ɗaya. In aka ɗauke wuta, ko da rana tsaka ce, sai ka bi bango da tafin hannu. Baba Waya, tsohon ma'aikacin lantarki da ya ajiye aiki ya zauna a ɗakin ƙasa shi da matarsa Iya, shi ya ce wannan ba matakala ba ce, tarko ne. Ya shafe wata biyu yana hawa yana sauka da gwiwoyinsa masu ƙara. A silin kowane hawa ya maƙala ɗan farin kwano mai shinshinar hayaƙi, da ƙararrawa a gefensa. Ƙarƙashin matakala ya ajiye akwatin ƙarfe da batura biyu. Da zarar ƙararrawa ta buga, sai fitilun matakala su kama tun daga sama har ƙasa, ko da wuta a gari ko babu.

"Ƙararrawa ta ce maka tashi ka gudu," in ji shi kullum, "fitila ta ce maka ga hanya. Wanda ya tashe ka bai nuna maka ƙofa ba, ai mugu ne."

Sai dai hancin kwanon nan ya fi na kare. Mai ya ƙone a kasko, ta buga. Wani ya zuƙi taba a lungu, ta buga. Sauran 'yan haya su ja tsaki su zagi tsohon, su koma ga harkarsu. A ɗakin Tela kuwa abin ba na tsaki ba ne.

Ta ɗaga hannu za ta karɓi filayar, mayafinta ya zame. Baba Waya ya leƙo ta saman gilashi, ya ga shatin yatsu huɗu a wuyanta, sun yi baƙi-baƙi kamar an dangwala tawada.

"Mijinki Kofur ne?"

"Ba shi ba ne, Baba." Ta ja mayafin. "In ta buga, wani ne daban ke tashi a jikinsa. Shi ko kaza ba ya iya yankawa yanzu."

Tsohon ya sauko a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ba ni mako biyu, 'yata. Akwai wata ƙararrawa mai sanyin murya, zan nemo ta in sa a nan hawan naku. Yanzu je ki fita da shi waje, zan danna maɓallin gwaji."

Mako biyu! A bakin mai faɗa kamar gobe ne.

Kofur ya dawo daga aikin soja shekara uku da suka wuce, jikinsa cikakke, babu abin da ya rasa sai barci. Tela ta aure shi tun yana saurayi mai dariya har da riƙe ciki, kuma har yanzu in yana zaune a ƙasa yana zura mata zare a allura, harshensa a waje kamar ɗan makaranta, sai ta ji zuciyarta ta cika har tana neman zuba. Haka suke zaune washegari, Lahadi da hantsi, yana ɗiga wa keken ɗinkinta mai, yana tsokanarta cewa keken ya fi ta iya hira, sai wata ta ƙona girki a hawa na uku.

Ƙararrawa ta tsage.

Kwalbar man ta tashi sama. Kafin Tela ta ce "Maigida", ya wuntsila keken, ya damƙo ta ya maka da bango har hoton aurensu ya faɗo ya tarwatse. Gwiwarsa a cikinta, hannunsa a maƙogwaronta, yana ihun wasu sunaye da ba ta taɓa ji ba, yana cewa su kwanta, su kwanta. Idonsa a buɗe tar, amma babu ita a ciki. Ta ga ɗakin yana yin nisa, yana ƙanƙancewa kamar ramin allura. Sai ƙarar ta tsaya.

Ya sake ta. Ya dubi hannuwansa. Sannan ya durƙusa cikin fasassun gilasai, ya rungume ƙafafunta yana kuka irin na wanda ba shi da uwa.

"Ki tafi gidanku, Tela. Wata rana ba zan farka da wuri ba."

Ba ta tafi ba. Ta jira ya shiga wanka, ta ɗauki kujera da almakashin da ya fara zuwa hannunta, mai haƙoran nan da take datse bakin yadi da shi don kada ya zare. Ta hau. Siririyar waya ce, ja da baƙa a manne, ta sauko daga sama ta shiga bayan ƙararrawar. Ta yi tunani irin na tela: ƙararrawa huɗu, maɓalli huɗu a gaban riga, in ka cire ɗaya sauran ukun suna nan daram. Ta datse. Ta tura bakin wayar bayan murfi, ta sauko, ta share gilasai.

Ba ta san aikin Baba Waya ɗinkin sarƙa ba ne, zare ɗaya tun daga sama har akwatin da ke ƙarƙashin matakala.

Ranar Laraba, bayan azahar, tukunyar gas ta kama a wani kicin a hawa na huɗu. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Ƙararrawar sama ta ɗauka, ta uku ta amsa, ta Tela ta yi gum. Daga nesa ƙarar ta iso ɗakinsu, Kofur ya shige bayan katifa ya cusa kai cikin gwiwoyi yana karkarwa. Tela ta buɗe ƙofa.

Duhu ne kamar an kife tukunya. Babu fitila ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya da kunne ta gan shi. Ƙafafu suna dirowa daga sama kamar an saki garke, mata suna kiran 'ya'yansu, wani yana ashar, hayaƙi yana biyo su. Dukansu sun saba, ƙararrawa na bugawa haske na zuwa, don haka babu wanda ya tsaya neman tocila, babu wanda ya rage gudu. A kwanar da ke daidai ƙofarta wani jiki ya faɗi, tim, sai wata tsohuwar murya ta ce, "Wayyo, ku tsaya, ni ce!" Ba su tsaya ba. Ba za su iya ba, na baya ke turo na gaba. Tela ta ji takalma suna sauka kan abu mai taushi, ta ji wani abu ya ƙarye kamar busasshen kara. Ta durƙusa tana lalube, aka take mata yatsu, aka buge mata baki da gwiwa. Da ta kamo hannun, ta gane shi da awarwaro. Inna ce, uwar maƙwabcinsu Mahauci, wadda ke kawo mata zannuwa ta yi musu kalmasa.

Wutar kanta ba ta ci komai ba sai labule da rabin kabad. Maza suka kashe ta da bokitai tun kafin 'yan kwana-kwana su iso. Aka sauko da Inna tsakar gida aka lulluɓe ta da zanen gado.

Tela tana jingine a bakin ƙofarta, jini a leɓe, sai ga hasken tocila yana hawowa. Baba Waya ne, yana haki, yana bin wayarsa da yatsa a jikin bango. Ya iso ƙararrawar, ya jawo kujerar da ta bari a wurin tun ranar Lahadi, ya hau ya ɗaga murfi. Ya daɗe yana kallo. Bakin wayar ya fito da tsini-tsini, haƙori bayan haƙori, irin yankan da filaya ba ta yi, wuƙa ba ta yi. Almakashi ɗaya ne ke yin sa a duk gidan.

Ya juyo da tocilar, hasken ya tsaya a fuskarta, ya gangara kan wuyanta. Sannan ya ciro filaya, ƙas, ƙas, ya datse bakunan biyu, ya dunƙule su a tafin hagu.

"Baba..."

"Koma ciki wurin mijinki."

"Ina tsohon nan yake?" Muryar Mahauci ce daga ƙasa, ta cika matakalar. "Ina mai fitila?"

Baba Waya ya sauka da ƙafarsa, babu wanda ya jawo shi. Tela ta bi bayansa har ƙofar tsakar gida, nan ta tsaya.

Mahauci mutum ne da ke saɓa rabin sa a kafaɗa. Yana tsugune gaban zanen gadon, ya miƙe, rigarsa jiƙe da ruwan kashe gobara.

"Kai ka ce mana in ta buga haske zai zo."

"Na ce."

"Kowace Asabar ka hana mu sakat. Ka koya wa uwata ta fito da gudu in ta ji ƙara. Da ba ka koya mata ba, da tana ɗakinta a zaune yanzu tana tsintar shinkafa. Ina hasken? Ina hasken, tsohon banza?"

"Waya ce ta rabu."

"Wa ya raba ta?"

Tela ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe, ta ji iskar ta shiga. Amma ta dubi hannuwan Mahauci, ta tuna mijinta a bayan katifa, sai ta mayar da bakin ta rufe.

"Aikina ne," in ji Baba Waya. "Ni na haɗa."

Marin farko ya tsinke gilashinsa ya yi gefe. Na biyu dunƙule ne, ya same shi a ƙirji, ya kai shi ƙasa. Da Mahauci ne kaɗai, da wataƙila an riƙe shi. Amma akwai mutum goma sha wani abu a wurin waɗanda ƙafafunsu suka san abin da suka taka a kwanar nan, kuma kowannensu yana neman inda zai sauke abin. Suka rufe shi. Mai gyaran babur ya sa ƙafa, mai wanki ya sa ƙafa, wani malamin makaranta da ko gaisuwa a hankali yake yi ya ɗaga bokitin ƙarfe ya sauke a haƙarƙarin tsohon, ya sake ɗagawa. Bokitin da suka kashe wuta da shi ne, har da sauran ruwa a ciki. Iya ta fito da gudu ba ɗankwali ta faɗa kansa, aka ɗauke ta kamar tsumma aka jefar. Jini ya bi ruwan da ke ƙasa yana neman magudana. Baba Waya bai yi ihu ba, ya dai naɗe jikinsa a kan hannun hagu. Mahauci ya ga dunƙulen, ya taka shi da dunduniya.

"Me kake ɓoyewa? Buɗe!"

Yatsun suka yi ƙara. Ba su buɗe ba.

Jiniyar 'yan kwana-kwana ce ta watsa su. Da 'yan sanda suka zo, duk gidan ya ce tsohon a matakala ya faɗi cikin turmutsutsun. Duhu ne, in ji kowa, wa ya ga wani abu? Alhali rana tana tsakiyar tsakar gidan lokacin da abin ya faru, har inuwar bokitin Tela ta gani.

Asibiti suka riƙe shi kwana ɗaya, ya ce a mayar da shi ɗakinsa, ba zai mutu ƙarƙashin fitilar da wani ya haɗa a karkace ba. Ranar Juma'a da safe Iya ta hawo ta ƙwanƙwasa.

"'Yar nan, yana kiranki."

A ƙofar ɗakin wani ya watsa ruwan wanke-wanke, ƙudaje suna bi. Can gefe, tabarmin gaisuwar Inna sun cika maƙil. Tela ta ratsa ta gabansu kanta a ƙasa.

Yana kwance ƙarƙashin taga, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya ɓace. Jakarsa ta aiki tana rataye a ƙusa, tsanin yana jingine a bango. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan zare a busasshiyar fata. Ya aiki Iya ta ɗumama masa ruwa. Da ta fita, ya nuna ƙarƙashin matashi da ido. Tela ta zura hannu, ta ciro guntayen waya biyu, ja da baƙa, jini ya bushe a kansu.

Ta zube a gaban gadon.

"Baba, ka tsine min. Ni ce. Ni na kashe Inna, ni na sa aka..."

"Ki kai almakashin nan a wasa miki," ya ce. "Waya tana dakushe shi. Sai ya riƙa cin yadin mutane."

Kuka ya ƙwace mata, da wata irin dariya a ciki mai ciwo.

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"In faɗa, su hau sama, su tarar da Kofur a tsaye a bakin ƙofa? Da gawa nawa za a jera a tsakar gidan nan?" Ya huta. "Kuma ba ƙarya na yi ba. Na ga wuyanki ranar Asabar, na ce mako biyu. Mai aikin kirki ba ya ɗora ran mutum hamsin kan zare ɗaya. Rabin laifin nawa ne, na karɓi nawa."

"Ka karɓi har da nawa."

"To ki biya ni." Ya ɗaga yatsan da ya rage mai motsi, ya nuna jakar. "Akwai sabuwar waya a ciki, da baƙin salatif. Har yanzu gidan nan a makance yake, in wuta ta sake tashi yau haka za a sake yi. Ki fere baki, ja da ja, baƙa da baƙa, ki murɗa kamar kina tufka, ki naɗe. Wadda ta iya sa zif ba za ta kasa wannan ba."

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan. Ki rufe bakinki. Mahauci bai huce ba."

Iya ta shigo da kofi. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ce ruwan ya yi zafi, shekara arba'in yana faɗa mata. Ta ce shekara arba'in kuma yana shanyewa. Ya yi murmushi da rabin bakin da ya rage. Kafin la'asar ya cika, hannunsa na hagu a kan ƙirji, a buɗe.

Mutum huɗu ne suka ɗauke shi: Kofur, da ƙanen Iya, da wasu tsofaffin abokan aikinsa biyu. Da aka ratsa da shi ta tsakar gida, babu wanda ya tashi daga kan tabarma. Wata mata ta ce, yadda kowa zai ji, "Allah ya rage mugun iri." Matar mai gyaran babur ta tsaya a ƙofar Iya ta ce gara ta fara ɗaure kayanta, don ba a zama gida ɗaya da matar wanda ya kashe mutum. Iya tana zaune bakin gado da karyayyen gilashinsa a cinya, tana ƙoƙarin mayar da hannun gilashin da zare.

"Aikinsa bai taɓa ƙin kamawa ba," ta ce wa Tela, ba tare da ta ɗago ba. "Shekara arba'in. Ban san me ya same shi a wannan ba. Wataƙila tsufa ne."

Wannan maganar ce ta fi bokitin nauyi.

Da Kofur ya dawo daga maƙabarta, ƙura har gwiwa, ya tarar da ƙofarsu a buɗe, hasken yamma yana zubowa daga tagar ɗakin zuwa kan matakala. Tela tana tsaye kan kujera, jakar Baba Waya a kafaɗarta, salatif a baki. Ta murɗa ja da ja. Ta murɗa baƙa da baƙa. Ta naɗe su tsaf, kamar bakin hannun riga, ta mayar da murfi.

"Me kike yi a nan?"

Ta sauko, ta kama hannunsa ta buɗe, ta zuba masa guntayen wayar. Ya juya su. Ya shafa haƙoran da babban yatsa. Shi ke share mata ƙasan keke kullum, ya san wannan tsinin kamar yadda ya san tafin hannunta. Ta ga fahimtar tana hawa fuskarsa a hankali, ta ga ya dafa bango.

"Saboda ni," ya ce.

"Hannuna ne ya riƙe almakashin."

"Wa ya sani?"

"Wanda kuka binne."

Ya dunƙule hannu. Daga tsakar gida ana jin muryar Mahauci yana amsa gaisuwa.

"To a bar shi a binne, Tela. Kin ga abin da suka yi wa tsoho mai furfura. Ke kuwa..."

"Shi ma haka ya ce. Ya ce in gyara in yi shiru. Na gyara." Ta share hannunta a zani. "Amma Iya tana ƙasa tana cewa tsufa ne ya sa aikinsa ya ƙi. Da wannan za ta tashi daga gidan nan, da shi za ta kwana har ta mutu."

Kofur ya ɗaga kai ya dubi ƙararrawar. Tela ta shiga ɗaki, ta yago auduga daga cikin wani matashi da take ɗinkawa, ta mulmula biyu, ta dawo ta ajiye su a tafinsa kusa da wayar. A saman kansu ƙwan fitilar yana rataye, a kashe, da ɗan shatin yatsan Baba Waya a jikin ƙurarsa.

"Gobe Asabar," ta ce. "Ƙarfe goma ka toshe kunnenka, ko ka fita bakin titi, duk wanda ka iya. Ni zan danna. In fitilun nan suka kama, zan tsaya a ƙarƙashin wannan da almakashina a hannu har kowa ya fito, Mahauci da Iya da duka, in faɗa musu da bakina wanda ya yanke wayar."